Gudan jini ba ya tambayar dalilin tiyata

Duk wanda aka shiga da shi ɗakin tiyata akwai abin da ya kai shi: ƙari a ciki, karaya, haihuwar da ta gardama, hanjin da ya toshe. Likita yakan ɗora haɗarin wuƙa a ma'auni ɗaya, haɗarin barin ciwon a ɗayan, ya ga wanne ya rinjaya. A tiyatar gyaran jiki kuwa ma'auni na biyu babu komai a cikinsa. Mutum ya zo da ƙafarsa, ba zazzaɓi ba ciwon kai, teɓa kawai yake so a rage masa, ko a ɗaga nono, ko a cika mazaunai. In an tambaye shi lafiyarsa, amsar da zai bayar gaskiya ce iya saninsa: lafiyata ƙalau. Wannan amsa ita ce mafi rauni a cikin duk takardun da ake cikewa kafin aiki, domin da yawa daga cikin abubuwan da ke kashe mutane bayan irin wannan tiyata abubuwa ne da mai su bai san yana ɗauke da su ba, ko ya sani bai ɗauke su a bakin komai ba, ko kuma ya ga in ya faɗa za a fasa yi masa aikin.

Harkar ba ƙarama ba ce. A ƙididdigar ƙungiyar likitocin tiyatar kwalliya ta duniya, zuƙe kitse kaɗai an yi shi fiye da sau miliyan 2 a shekarar 2023, kuma shi ne kan gaba a jerin. Mafi yawan waɗannan mutane sun warke sun ci gaba da harkokinsu. Amma idan adadi ya kai miliyoyi, abin da ke samun mutum ɗaya cikin dubu ya zama dubban mutane.

Daskarewar jini a kanta rahama ce. Ba don ita ba, ɗan yankan reza ya isa ya kai mutum kushewa. Matsalar ita ce jiki ba shi da hanyar gane niyyar mai wuƙa. Yankan da aka yi don cire ƙari da wanda aka yi don rage tumbi duk rauni ne a wurinsa, kuma martaninsa ɗaya ne: ya ƙara sinadaran da ke daskarar da jini, ya rage masu narkar da shi, ya zauna a haka na tsawon makonni. Tun a shekarar 1856 likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, ya bayyana yadda gudan jini ke tasowa daga jijiyar ƙafa ya bi hanya har ya je ya toshe jijiyar huhu. Daga baya aka laƙaba sunansa ga abubuwa uku da ke haifar da gudan: jini ya tsaya ko ya rage gudu, bangon jijiya ya ji rauni, ko jinin kansa ya zama mai saurin daskarewa. Tiyata babba takan haɗa ukun a rana ɗaya.

Na farkon ne ya fi buƙatar bayani. Zuciya tana tura jini zuwa ƙafa da ƙarfinta, amma dawowarsa sama ya dogara ne a kan tsokar sha-raɓa. Duk takun da mutum ya yi, tsokar tana matse jijiyoyin da ke cikinta ta cilla jinin sama, wasu 'yan ƙofofi a cikin jijiyar kuma su hana shi komawa ƙasa. Da zarar an sa mutum barci, tsokar ta saki, jijiyoyin sun buɗe, jini ya kwanta a bayan ƙofofin nan kamar ruwa a kududdufi. A nan gudan yake fara haɗuwa, sau da yawa tun mutum yana kan teburin aiki. Yana iya tsayawa ƙarami jiki ya narkar da shi ba wanda ya sani. Yana iya kuma yin tsawo ya haura cinya har ƙugu, sannan wata rana, mai yiwuwa lokacin da mutum ya miƙe daga gado ko ya yi yunƙuri a bayan gida, wani yanki ya ɓalle ya bi ta zuciya ya maƙale a huhu.

Cikin ayyukan kwalliya, gyaran tumbi ne ya fi kowanne suna wajen wannan haɗari, kuma dalilin a bayyane yake ga wanda ya san yadda ake yin sa. Ana yanke fatar ƙasan ciki a cire, a ɗinke tsokokin ciki a tsuke su, a jawo fatar sama a haɗa. Tsukewar tana ƙara matsi a cikin ciki, matsin kuma yana danne manyan jijiyoyin da ke dawo da jini daga ƙafafu. Bayan aiki a ɗaura wa mutum ɗamara mai ƙarfi, a ce ya kwanta a tanƙware, in zai yi tafiya ya sunkuya don kada ɗinki ya buɗe. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da amfaninsa ga ɗinkin, kowane ɗaya kuma yana rage gudun jini a ƙafa. Ga zafi da ke hana motsi. Idan aka haɗa da zuƙe kitse da gyaran nono a zama ɗaya, wai don a yi jinya sau ɗaya a biya kuɗin ɗakin tiyata sau ɗaya, sa'o'in barci sun ƙaru, faɗin raunin ya ƙaru, haɗarin ya bi su. A Amurka, zuƙe abin da ya haura lita 5 ana ɗaukarsa babban aiki ne da ke buƙatar a kwana a ƙarƙashin kulawa. Wani bincike da likitoci biyu, Grazer da de Jong, suka wallafa a shekarar 2000 ya tattara mace-mace 95 cikin ayyukan zuƙe kitse kusan 496,000, wato kusan ɗaya cikin 5,000, kuma gudan jini a huhu ne ya zo na farko a jerin dalilan.

Akwai wani abu da ake yawan cakuɗawa da gudan jini, har a bakin 'yan jarida, wato gudan kitse. Shi ne babban haɗarin aikin cika mazaunai da aka fi sani da BBL, inda ake zuƙo kitse daga ciki ko baya a mayar da shi ɗuwawu. A cikin tsokar ɗuwawu da ƙarƙashinta akwai manyan jijiyoyi masu siririn bango. Idan bakin bututun ya nutsa cikin tsoka ya yaga ɗaya daga cikinsu, kitsen da ake turawa zai shiga jijiya kai tsaye ya tafi zuciya da huhu. Wannan ba ya jiran makonni kamar gudan jini. Cikin mintuna ko 'yan sa'o'i yake kashewa, sau da yawa a kan tebur, kuma maganin tsinka jini ba ya hana shi, tunda ba jini ne ya daskare ba. A shekarar 2017 wani kwamitin likitocin kwalliya a Amurka ya ƙiyasta mutuwa ɗaya cikin kusan 3,000 a wannan aiki, adadin da ya girgiza sana'ar. A 2018 ƙungiyar likitocin kwalliya ta Birtaniya ta shawarci mambobinta su dakatar da shi, sai a 2022 ta sassauta da sharaɗin a zuba kitsen a ƙarƙashin fata kawai, ana kallon bakin bututun da na'urar sikanin. Jihar Fulorida da ke Amurka ta haramta zuba kitse cikin tsoka a 2019, a 2022 kuma ta wajabta amfani da sikanin ta kuma taƙaita likita ga aiki uku a rana. Wannan sharaɗi na ƙarshe ya isa ya nuna wa mai karatu adadin da wasu ke yi a rana kafin a kafa shi.

Gudan kitse laifin hannu ne da dabara. Mara lafiya ba shi da abin yi a kai sai zaɓen wanda zai yi masa aiki. Gudan jini kuwa rabinsa a jikin mutum yake zuwa, kuma nan ne maganar ɓoyayyun cututtuka ta shigo.

A shekarar 1994 masu bincike a birnin Leiden na ƙasar Holan suka gano wani sauyi a ƙwayar gado da ke sa ɗaya daga cikin sinadaran daskarar da jini ya ƙi jin birki. An sa masa sunan birnin. Kusan mutum 5 cikin 100 na Turawa suna ɗauke da shi, kuma mafi yawansu za su rayu su mutu ba su taɓa sani ba. Shi kaɗai yana ninka haɗarin gudan jini sau kaɗan. Amma macen da ke ɗauke da shi kuma tana shan ƙwayar tazarar haihuwa mai sinadarin istirojin, haɗarinta yana kai ninki 30 na wadda ba ta da ko ɗaya. Wannan misali ne mai kyau na yadda abubuwan suke aiki: ba tara su ake yi ɗaya bisa ɗaya ba, ninka juna suke yi. Sai a ɗora tiyatar sa'a biyar a kai.

Gadon Leiden ba shi da yawa a tsakanin 'yan asalin Afirka da gabashin Asiya, kuma na ga inda aka ɗauki wannan a matsayin albishir. Ba albishir ba ne. Alƙaluman Amurka sun daɗe suna nuna cewa baƙaƙen fata sun fi farare kamuwa da gudan jini a jijiya. Ɗaya daga cikin dalilan da aka gano shi ne sikila. Mai cikakkiyar cutar ya san kansa, likita ma ba zai yi wasa da shi ba. Wanda ake mantawa da shi shi ne mai jinin AS, wanda aka saba gaya masa cewa ba shi da matsala sai wajen zaɓen abokin aure. Bincike a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka ya nuna cewa haɗarin gudan jini a huhu a wurinsu ya kai kusan ninki biyu. Wannan bai hana yi musu tiyata ba, amma ya isa a rubuta shi a takarda a lissafa da shi, a kuma kula kada jikinsu ya bushe ko iskar da ke jininsu ta ragu.

Akwai kuma cutar da ba gadonta ake yi ba, wadda likita Graham Hughes ya bayyana a Landan a 1983. A cikinta garkuwar jiki ce ke ƙera wasu sinadarai da ke sa jini ya yi ta daskarewa a inda bai kamata ba. Alamarta a wurin mata da yawa ita ce yawan ɓari, ko mutuwar ɗa a ciki ba tare da an gano dalili ba. To wace mace ce za ta zo a rage mata teɓa ta ga alaƙar hakan da cikin da ta yi ɓarinsa shekara takwas da suka wuce? In ba a tambaye ta ba, ba za ta faɗa ba, kuma ba ɓoyewa ta yi ba. Abin mamaki game da wannan cuta, gwajin daskarewar jini da aka saba yi kafin tiyata yana iya nuna kamar jinin mai ita ba ya saurin daskarewa, alhali a cikin jiki akasin haka ne ke faruwa.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya fi yawa, wato dogaro da cewa “an yi mini gwajin jini, komai lafiya.” Gwaje-gwajen da aka saba yi suna duba yawan jini, aikin ƙoda, suga, da ko mutum zai yi ta zubar da jini. Ba a tsara su don gano mai saurin yin guda ba. Gwajin gadon Leiden da danginsa daban ne, kuma likitocin jini ba su yarda a yi wa kowa da kowa shi ba, saboda zai tayar da hankalin mutane da yawa a banza, ga shi kuma sakamako mai kyau ba ya wanke mutum. Abin da ya fi kowane gwaji kamo masu haɗari shi ne tambaya. Ƙafarka ta taɓa kumbura aka ba ka maganin tsinka jini? A gidanku akwai wanda ya yi? Akwai wanda ya faɗi ya mutu farat ɗaya bayan tiyata, ko bayan haihuwa, ko bayan doguwar tafiya? Tambaya ta ƙarshen nan tana da muhimmanci, domin iyalai da yawa ba su san sunan abin da ya kashe ɗan'uwansu ba. Abin da suka sani shi ne an sallamo shi yana samun sauƙi, sai numfashi ya sarƙe.

Wani likitan tiyata a Amurka, Joseph Caprini, ya mayar da waɗannan tambayoyi lissafi, kuma sigar 2005 ta takardarsa ce aka fi amfani da ita. Ga yadda take aiki. A ɗauki mace mai shekara 43: maki 1 saboda shekaru. Nauyinta ya ɗan haura abin da ya dace da tsawonta: maki 1. Tana shan ƙwayar tazarar haihuwa: maki 1. Aikin zai wuce minti 45: maki 2. Tana da jijiyoyin da suka fito suka murɗe a ƙafa: maki 1. Ya zuwa nan maki 6 ke nan, kuma ba a ambaci cuta ko ɗaya ba. Idan ta tuna cewa yayarta ta taɓa yin gudan jini a jego, an ƙara 3, ta koma 9. A wani bincike da aka wallafa a 2011 kan marasa lafiyar tiyatar gyaran jiki, da ta kwalliya da ta gyaran rauni, waɗanda makinsu ya haura 8 kuma ba a ba su maganin rigakafi ba, kusan 11 cikin 100 sun yi gudan jini cikin kwana 60. Jimla ɗaya game da yayarta ce ta ɗauke ta daga wani rukuni zuwa wani. Takardar tana da masu suka, wasu likitocin kwalliya suna ganin ba ta dace da lafiyayyun mutane da ake sallama a ranar ba, kuma suna da hujja. Amma ko da lissafin bai cika daidai ba, yana tilasta a yi tambayoyin, wannan kuma shi ne amfaninsa na gaske.

Ba jini kaɗai ke ɓuya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manya masu hawan jini ba su san suna da shi ba, lissafin ciwon suga ma bai yi nisa da haka ba. Mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci yana iya wuce tiyata lafiya, ya mutu a daren farko saboda maganin kashe zafi ya ƙara danne numfashin. Akwai wani gado da ba ya nuna kansa sai an shaƙa wa mutum iskar sa barci, jiki ya ɗauki zafi mai tsanani tsokoki su sandare. An fara bayyana shi a Ostireliya a 1960, a wani iyali da mutum goma daga cikinsu suka mutu ta wannan hanya. Maganinsa dantirolin ne, kuma ƙananan wuraren tiyata ba duka ke ajiye shi ba. Sabon shigowa cikin jerin shi ne allurar rage ƙiba irin su Ozempic da Wegovy, masu sa abinci ya daɗe a ciki, ta yadda wanda ya yi azumin da aka umarce shi zai iya yin amai cikin barci ya shaƙe shi zuwa huhu. A 2023 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kai. Mutane da yawa suna sayen allurar a ɓoye, ba sa kuma lissafa ta cikin “magungunan da nake sha”, kamar yadda ba sa lissafa ƙwayar tazarar haihuwa, ko asfirin, ko magungunan ganye da wasu ke tsinka jini.

Labarin Donda West, farfesar Ingilishi kuma mahaifiyar mawaƙin nan Kanye West, shi ne ya fi fito da wannan fili. An yi mata rage nono da gyaran tumbi da zuƙe kitse a Nuwamban 2007, aka mayar da ita gida, washegari ta rasu tana da shekara 58. Binciken gawa ya nuna tana da cutar jijiyoyin zuciya, haɗe da matsalolin bayan tiyata. Wani likitan daban ya bayyana cewa ta je wurinsa tun farko, ya ce ba zai yi mata aiki ba sai likitan ciki ya duba ta ya amince. A 2009 jihar Kalifoniya ta kafa doka da sunanta, wadda ta wajabta a duba lafiyar mutum a ba da izini a rubuce cikin kwana 30 kafin tiyatar kwalliya. Abin lura shi ne sai da aka yi doka kafin abin da kowa zai ɗauka tilas ne ya zama tilas.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A sauran fannonin likitanci, mara lafiya yana so a gano ciwonsa. A nan kuwa gano ciwo yana nufin ɗage aikin da mutum ya yi shekaru yana tara wa kuɗi, ya ɗauki hutu, wataƙila ya sayi tikitin jirgi. Wurin aikin ma cinikinsa ne zai tafi. Ɓangarorin biyu duka suna da dalilin kada a tona da yawa. Shi ya sa mai shan taba zai ce ya bari, mai shan ƙwaya za ta ce ta daina tun wata guda alhali jiya ta sha, wanda aka ƙi a wuri ɗaya kuma zai je na biyu da amsoshin da ya gyara. Ba na ganin wauta a cikin wannan. Wanda ya daɗe yana ƙin madubi ba ya jin “ɗaya cikin dubu” kamar yadda mai lissafi ke jin sa. Nauyin yana kan mai wuƙa, domin shi ya san abin da amsar ke nufi, kuma likitan da bai taɓa cewa wani “ba yanzu ba” abin tsoro ne.

Rigakafin kansa sananne ne, ba shi da wani sirri. A daina ƙwaya mai istirojin mako huɗu kafin babbar tiyata, a koma wata hanyar kariya kafin nan; wadda ba ta da istirojin ba sai an daina ba. A bar taba aƙalla mako huɗu. A raba manyan ayyuka maimakon haɗa su. A sa wa ƙafafu rigar iska mai matsawa tana saki tun kafin a sa barci, a tayar da mutum ya taka a ranar ko washegari. Ga mai maki da yawa kuma a ƙara allurar hefarin mai tsinka jini ta ƙarƙashin fata na wasu kwanaki. A kan allurar ce ake ja-in-ja, tunda duk abin da ya hana jini daskarewa yana iya sa shi taruwa a ƙarƙashin fatar da aka ɗaga, ya ɓata aikin ko ya sa a koma ɗakin tiyata. Likitan kwalliya yana ganin tarin jini a idonsa, a hoton aikinsa. Gudan huhu kuwa sau da yawa a wani asibitin yake bayyana, a hannun wasu likitocin. Ba abin mamaki ba ne idan tsoron na farko ya fi kama shi.

Lokaci shi ne ɓangaren da aka fi rainawa. Mutane suna ɗauka cewa wanda ya farka daga barci ya tsallake. Wani babban bincike a Birtaniya da ya bi mata kusan miliyan ɗaya, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa a makonni shida na farko bayan tiyatar da aka kwantar da mutum, kowace iri ce, haɗarin gudan jini ya kai kusan ninki 70 na wadda ba a yi wa tiyata ba, bayan ta sallamar rana ɗaya kuma kusan ninki 10. Ƙololuwar haɗarin a mako na uku take, kuma bai gama sauka ba har mako 12. A mako na uku an cire bututun tsane ruwan ciwo, an daina zuwa wankin ciwo kullum, masu jinya sun koma harkokinsu.

Wanda ya tafi wata ƙasa a yi masa aiki ya ƙara wa kansa abu biyu. Na farko jirgi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2007 cewa zaman tafiya na sama da sa'a huɗu yana ninka haɗarin gudan jini kusan sau biyu, ga lafiyayye ma ke nan. Hukumar lafiyar Birtaniya tana ba da shawarar kada a hau jirgi sai bayan kwana 5 zuwa 7 da aikin nono ko zuƙe kitse, kwana 7 zuwa 10 kuma bayan gyaran tumbi ko fuska, kuma wannan mafi ƙarancin jira ne. Na biyu yankewar kulawa: wanda ya yi aikin yana can, matsalar tana nan. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙirga 'yan ƙasar 93 da suka mutu bayan tiyatar kwalliya a Jamhuriyar Dominika daga 2009 zuwa 2022. Cikin gawa 20 da aka samu sakamakon bincikensu, 11 gudan kitse ne ya kashe su, 7 gudan jini a huhu. Mafi yawansu suna da ƙiba, kuma an haɗa musu ayyuka fiye da ɗaya a zama guda.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, alamomin gudan jini kamarsu ɗaya da abin da aka gaya wa mutum ya sa rai da shi bayan tiyata. An ce zai kumbura, ga kumburi. An ce zai ji zafi, ga zafi. An ce ɗamara za ta takura numfashi, ga numfashi yana yi masa wuya. Bambancin yana cikin ƙananan abubuwa: ƙafa ɗaya ta fi ɗaya kumbura, sha-raɓa tana ciwo kamar an murɗe ta kuma ba nan aka yi aiki ba, wurin ya fi ɗumi. Littattafai suna cewa fatar za ta yi ja, amma a baƙar fata jan ba ya fitowa, sai dai wurin ya ƙara duhu ko sheƙi, don haka rashin ganinsa ba hujja ba ce. In ya kai huhu, sai haki da ba a yi jiya ba, suka a ƙirji lokacin jan numfashi, bugun zuciya da sauri ana zaune, jiri ko suma, wani lokaci tari da jini, wani lokaci kuma fargaba kawai da mutum ya kasa bayyana dalilinta. Kusan rabin masu guda a ƙafa ba sa jin komai, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na masu guda a huhu mutuwar farat ɗaya ce alamarsu ta farko.

Wanda ya ji irin wannan, wurin zuwansa sashen gaggawa ne na asibiti mafi kusa, ba aika saƙo ga wurin da aka yi masa aiki yana jiran amsa ba, kuma kada a murza ƙafar ko a yi mata tausa. A can ma akwai tarko ɗaya da ya rage. Mutane da yawa sun ɓoye wa danginsu cewa sun yi aikin, har suna jin nauyin faɗa a gaban wanda ya rako su. Likitan da bai san an yi tiyata kwana goma sha biyar da suka wuce ba, zai iya ɗaukar hakin a matsayin asma ko sanyin ƙirji ko firgici, ya ba da magani ya sallama. Gwajin jinin da aka saba tantance guda da shi ma ba ya taimakawa sosai a wannan lokaci, domin tiyata kanta tana ɗaga shi. Sikanin ƙafa da hoton jijiyoyin huhu ne ke raba gardama, su kuma ba a tura mutum gare su sai an yi zargi. Jimlar da ke tayar da zargin gajeriya ce: an yi mini tiyata ranar kaza, ga abin da aka yi, ga magungunan da nake sha.